Haƙƙin Mallakar Ƙirƙira da Leƙen Asiri a Farkon Masana'antar Mota

Masana'antar ƙera motoci ta taso ne tsakanin shekarun 1880 da 1940, kuma tun tana jaririya ta shiga rigingimu iri biyu da ba su rabu da ita ba har yau. Na farko shi ne rigimar haƙƙin mallakar ƙirƙira, wato takardar da hukuma ke bai wa wanda ya ƙago wani sabon abu, ta hana kowa ƙera shi ko sayar da shi sai da izininsa na wasu shekaru. Na biyu shi ne leƙen asirin abokin gasa, wato ƙoƙarin da kowane kamfani ke yi ya san abin da ɗan'uwansa ke ƙerawa, da yadda yake ƙera shi, da nawa yake kashewa. Abubuwan nan biyu sun yi tasiri a kan irin injin da ya yi rinjaye a duniya, da ƙasashen da suka yi gaba a sana'ar, da farashin da mai saye ke biya.

Asalin dokar

Dokar kare mai ƙirƙira ta girmi mota da ɗaruruwan shekaru. Birnin Venice na Italiya ya kafa tasa a 1474, Ingila ta yi tata a 1624, Amurka a 1790, Faransa a 1791, Jamus kuma ta fitar da doka guda ta ƙasa baki ɗaya a 1877. A 1883 aka ƙulla Yarjejeniyar Paris, wadda ta ba mai ƙirƙira damar neman kariya a ƙasashen da ba nasa ba. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Shi zai bayyana asirin abin da ya ƙago a rubuce, da zane, yadda duk mai sana'ar zai iya fahimta. Hukuma kuma za ta tsare masa kasuwa na wani wa'adi. In wa'adin ya cika, ilmin ya zama na kowa. Wannan sharaɗi na bayyanawa ne ya sa ofisoshin rajista suka zama wurin farko da injiniyoyi ke zuwa don sanin inda abokan gasarsu suka dosa.

Injin Otto da motar Benz

A 1876 Nikolaus Otto, a masana'antar Deutz da ke kusa da birnin Kolon na Jamus, ya kammala injin da ke aiki da bugu huɗu: fistan ya zuƙo iska da mai, ya matse su, wuta ta kama su tura shi ƙasa, sannan ya kori hayaƙi waje. A 1877 ya sami takardar mallaka mai lamba 532. Kamfanin Deutz ya riƙe takardar da ƙarfi, yana kai ƙarar duk wanda ya kusanci wannan tsari. Dalilin haka ne Karl Benz, a Mannheim, ya shafe shekarunsa na farko yana aiki a kan inji mai bugu biyu don ya kauce wa shari'a.

Abokan hamayyar Otto suka shiga tona tsofaffin takardu, har suka gano cewa wani injiniya Bafaranshe, Alphonse Beau de Rochas, ya bayyana tsarin bugu huɗu a rubuce tun 1862, ko da yake bai taɓa ƙera injin ba. A 1886 kotun Jamus ta soke muhimman sassan takardar Otto. Daga nan kowa ya sami damar ƙera irin wannan inji a Jamus ba tare da biyan ko kwabo ba. A ranar 29 ga Janairun wannan shekarar Benz ya shigar da buƙatar rajistar kekensa mai ƙafa uku da inji, ya sami takarda mai lamba 37435, wadda da yawa ke ɗauka a matsayin takardar haihuwar mota.

Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach sun yi wa Deutz aiki daga 1872, suka bar kamfanin a 1882 bayan saɓani da Otto, suka tafi da abin da suka sani a ƙwaƙwalwarsu. A Cannstatt suka mayar da wani ɗakin lambu wurin aiki, suna aiki dare da rana a ɓoye don kada labari ya fita. Ɓoyon ya yi yawa har aka zarge su da buga jabun kuɗi. 'Yan sanda suka shiga ɗakin, ba su tarar da komai ba sai kayan aiki da sassan inji. A can ne aka haɗa ƙaramin inji mai saurin juyawa wanda za a iya ɗora wa keke ko kwalekwale ko keken doki.

Lasisi a Faransa, babakere a Ingila

Ƙasashe biyu sun karɓi ilmin Daimler, kowace ta bi da shi ta hanyarta. A Faransa wani lauya, Édouard Sarazin, ya sami izinin ƙera injin Daimler. Da ya rasu a ƙarshen 1887, matarsa Louise ta riƙe izinin, a 1890 kuma ta auri Émile Levassor na kamfanin Panhard et Levassor. Kamfanin ya riƙa ƙera injin yana biyan Daimler haƙƙinsa, yana kuma sayar wa Peugeot. A 1891 Levassor ya fito da tsarin da ya zama abin koyi na tsawon shekaru: inji a gaba, kuloci da giya a tsakiya, tayoyin baya su ja motar. Cikin shekaru goma Faransa ta zarce Jamus a yawan motocin da ake ƙerawa. Louis Renault, wanda ya yi rajistar tsarin giyarsa a 1899, shi ma ya riƙa karɓar kuɗin haƙƙi daga sauran masu ƙira bayan kotu ta tabbatar masa da takardarsa.

A Ingila lamarin ya sha bamban. Wani ɗan kasuwa mai suna Harry Lawson ya kafa British Motor Syndicate a 1895, ya shiga sayen takardun mallaka duk inda ya ji labarinsu, har da na Daimler, da nufin duk mai son ƙera mota ko shigo da ita Ingila ya biya shi. Ya ɗora kuɗi masu nauyi a kan sana'ar da ba ta ko tsaya da ƙafarta ba. A 1901 kotu ta rushe takardar kabiretar Maybach da yake taƙama da ita, bisa hujjar cewa an riga an san irin wannan tsari a Ingila. Daga nan shirin nasa ya wargaje, a 1904 kuma aka ɗaure shi kan wata damfara ta daban.

Shari'ar Selden

Babbar shari'ar da ta fi kowace suna a wannan fage an yi ta ne a Amurka. George Selden lauya ne a birnin Rochester na jihar New York, kuma harkar takardun mallaka ita ce sana'arsa. A baje kolin Philadelphia na 1876 ya ga wani inji na George Brayton, ya yi tunanin a rage masa girma a ɗora shi a kan keken hawa. A ranar 8 ga Mayu 1879 ya shigar da buƙatar rajista. Da an ba shi takardar a lokacin, wa'adinta na shekara 17 zai ƙare kafin kasuwar mota ta kankama a Amurka. Don haka sai ya riƙa yi wa buƙatar gyare-gyare, yana jan lokaci gwargwadon yadda doka ta ba da dama, har shekara 16. A ranar 5 ga Nuwamba 1895 aka ba shi takarda mai lamba 549,160, daidai lokacin da kasuwar mota ta fara motsi. Har zuwa wannan rana bai ƙera mota ko ɗaya ba.

A 1899 ya sayar da haƙƙin ga wasu attajirai ƙarƙashin William Whitney, masu kamfanin Electric Vehicle Company. A 1900 suka kai ƙarar kamfanin Winton, wanda yana cikin manyan masu ƙera mota mai fetur a lokacin. Da shari'ar ta yi tsada, sai manyan kamfanoni suka zaɓi sulhu. A 1903 suka kafa ƙungiyar masu ƙira da lasisi, wadda aka sani da ALAM, suka amince za su riƙa biyan kashi 1.25 cikin ɗari na farashin kowace mota. Abin da suka samu ya fi abin da suka biya, domin ƙungiyar ce ke da ikon cewa wane zai shiga sana'ar, wane ba zai shiga ba.

Henry Ford ya kafa kamfaninsa a watan Yunin 1903. Ya nemi shiga ƙungiyar, aka nuna masa cewa shi mai harhaɗa sassa ne kawai, bai cancanta ba. Ya ci gaba da ƙera motocinsa, a watan Oktoba aka maka shi a kotu, kamfanin Panhard ma yana cikin waɗanda aka yi ƙara. Ƙungiyar ta riƙa buga sanarwa a jaridu tana gargaɗin jama'a cewa duk wanda ya sayi motar da ba ta da lasisi shi ma za a iya gurfanar da shi. Ford ya mayar da martani da alkawarin ba kowane mai saye takardar lamuni da za ta kare shi daga ƙara. Masu ƙara sun ƙera mota bisa zanen Selden don su nuna wa kotu cewa tana aiki, amma da ƙyar take tafiya.

A ranar 15 ga Satumba 1909 alƙali Charles Hough ya ba Selden gaskiya. Ford ya ɗaukaka ƙara. A ranar 9 ga Janairu 1911 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa takardar Selden tana nan daram, amma ta shafi mota mai inji irin na Brayton ne kaɗai, wanda ke ƙona mai a hankali. Ford da sauran masu ƙira kuwa injin Otto suke amfani da shi, saboda haka ba su ci haƙƙin kowa ba. Takardar saura mata ƙasa da shekara biyu ta ƙare, ba a sake ɗaukaka ƙara ba. Hukuncin ya tabbatar da wata ƙa'ida: doka tana kare takamaiman abin da mutum ya ƙago ya bayyana, ba ta ba shi mallakar tunanin “keke mai tafiya da inji” gaba ɗaya.

Yarjejeniyar musayar takardu

Shekara takwas na shari'a sun koya wa masu sana'ar darasi. Mota ɗaya tana ɗauke da dubban sassa, kuma in kowane mai takarda zai tare hanya, babu wanda zai iya haɗa mota cikakkiya. A 1915 ƙungiyar da ta gaji ALAM ta shirya yarjejeniya inda kamfanoni da yawa suka amince kowa ya yi amfani da ƙirƙirar ɗan'uwansa ba tare da biya ba, ban da fasalin jikin mota da ƙirƙirar da aka ga ta fita daban ƙwarai. Ford bai sa hannu ba, amma bai riƙa kai ƙarar masu kwaikwayonsa ba. An yi ta sabunta yarjejeniyar shekaru da dama. Tare da ita, ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE, wadda aka kafa a 1905, ta daidaita ma'aunin kusoshi da noti da nau'in ƙarfe da kaurin man inji. Daga wannan lokaci gasa ta tashi daga zauren kotu ta koma kan araha, inganci da saurin ƙira.

Hanyoyin sanin asirin abokin gasa

Hanya mafi tsufa kuma mafi sauƙi ita ce a sayi motar abokin gasa a warware ta. Ana kwance ta ƙusa bayan ƙusa, a shimfiɗa sassan a kan tebur, a auna kowanne, a gwada ƙarfensa, a ƙiyasta kuɗin ƙera shi. Walter Chrysler, tun yana ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ci bashi ya sayi Locomobile ta dala 5,000 a baje kolin Chicago na 1908, ya yi ta kwance ta yana mayarwa kafin ma ya koyi tuƙi. A 1924 General Motors ya buɗe filin gwaji a Milford na jihar Michigan, inda ake gwada motocinsa kafaɗa da kafaɗa da na sauran kamfanoni a kan hanya ɗaya.

Filin tsere da baje koli su ma makarantu ne. Ford ya ba da labarin cewa a wani tsere a Florida ya tsinci guntun ƙarfe daga wata motar Faransa da ta yi hatsari, ya sa aka bincika, aka gano ƙarfe ne mai haɗin banadiyam, mara nauyi amma mai ƙarfi. Masana tarihi suna ganin injiniyoyinsa da wani masanin ƙarfe ɗan Ingila, Kent Smith, su ne suka kawo masa ilmin. Ko ta wace hanya ya zo, irin wannan ƙarfe ya shiga motar Ford ƙirar Model T ta 1908.

Hanya ta uku ita ce ziyarar masana'anta. Bayan Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a Highland Park a 1913, lokacin haɗa shasi ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi, kuma bai rufe ƙofarsa ga baƙi ba. Louis Renault, Giovanni Agnelli na Fiat da André Citroën duk sun je Amurka sun gani da idonsu, domin gani ya kori ji. Ta huɗu ita ce ɗauke ma'aikata: Ferdinand Porsche ya ziyarci Detroit a 1936 da 1937, ya dawo Jamus da injiniyoyi 'yan asalin Jamus waɗanda suka ƙware a masana'antun Amurka. Dukkan waɗannan hanyoyi halal ne a idon doka. Abin da doka ta hana shi ne satar zane, sayen ma'aikaci don ya fitar da takardun sirri, da ƙera abin da takardar mallakarsa ke da rai ba tare da izini ba.

Kwaikwayo tsakanin ƙasashe

Tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu iyaka tsakanin koyi da sata ta yi ta jawo ƙara. A 1924 Opel ya fitar da wata ƙaramar mota koriya wadda ta yi kama da Citroën 5CV ƙwarai. Citroën ya kai ƙara a Jamus bai yi nasara ba, domin kotu ta ga bambanci a fasalin gaban lagireto. Wasu kuma sun bi ta ƙofa: Austin Seven ta Ingila an ƙera ta da lasisi a Jamus da sunan Dixi, BMW kuma ya sayi masana'antar a 1928, ta haka ya shiga sana'ar mota.

Labarin Toyota ya haɗa abubuwan biyu wuri guda. A 1929 iyalin Toyoda suka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin injin saƙarsu a kan fam 100,000. A 1933 Kiichiro Toyoda ya buɗe sashen mota, ya sayi Chevrolet aka warware ta aka zana kowane sashe. Injin farko da suka ƙera ya bi na Chevrolet sau da ƙafa, da gangan, don mai mota ya iya sa kayan gyaran Chevrolet da ke cike da kasuwa. A 1936 motar AA ta fito, a 1937 aka kafa kamfanin Toyota.

A Turai kamfanin Tatra na Chekoslobakiya ya zargi Porsche da ɗaukar dabarun injiniyansa Hans Ledwinka a motar da ta zama Volkswagen, mai inji a baya da iska ke sanyaya shi. Mamayar da Jamus ta yi wa ƙasar a 1938 da 1939 ta tsayar da maganar. Bayan yaƙi aka sake tayar da ita, a shekarun 1960 Volkswagen ya biya diyya a wajen kotu.

Yadda lamarin ya iso Afirka

Mota ta iso Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a matsayin haja da ake saukewa a tashoshin ruwa irin su Legas da Duwala. Turawan mulkin mallaka ba su kafa masana'antar ƙera ta ba, dokokin mallakar ƙirƙira kuma na ƙasashensu ne aka shimfiɗo don kare kayansu. Bayan samun 'yanci, ƙasashe 12 da Faransa ta mulka suka sa hannu a Yarjejeniyar Libreville a ranar 13 ga Satumba 1962, suka kafa ofishin rajista na haɗin gwiwa. Yarjejeniyar Bangui ta 2 ga Maris 1977 ta mayar da shi OAPI, mai hedikwata a Yawunde. Ƙasashe 17 ne a cikinta, har da Kamaru, Nijar da Chadi, kuma rajista ɗaya tana aiki a cikinsu duka. Najeriya ba ta ciki, tana da dokarta ta 1970.

Ilmin mota ya shigo ta hanyar lasisi, kamar yadda ya shiga Faransa a zamanin Panhard. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta Volkswagen a Legas suka fara haɗa motoci da sassan da ake kawowa daga waje, sai dai zane da takardun mallaka sun zauna a Turai. A Kamaru gwamnati ta kafa hukumar MAGZI a 1971 don kula da yankunan masana'antu, ciki har da na Bassa da na Bonaberi a Duwala. Manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar Duwala zuwa Njamena da Bangui sun raya sana'ar gyara, kuma Hausawan unguwar New Bell ta Duwala suna cikin masu harkar sufuri da fatauci a wannan hanya.

Warware abu don a gane shi, wanda Chrysler da Toyoda suka yi, shi ne aikin yau da kullum na makanikai da maƙera a Camp Yabassi ta Duwala, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano. In wani sashe ya ɓace a kasuwa, bakanike zai kai tsohon wurin mai injin fiƙe ƙarfe, a auna shi, a fiƙe sabo. Doka ba ta hana wannan a kan duk abin da wa'adin takardarsa ya cika, kuma wa'adin a ƙasashen OAPI da Najeriya shekara 20 ne. Abin da ta hana shi ne buga tambarin wani kamfani a kan jabun birki ko fulogi, domin wannan yaudarar mai saye ce, kuma tana cin rayuka a hanya. OAPI tana kuma da wata rajista mai sauƙi ta shekara 10 don ƙananan gyare-gyare masu amfani, wadda ta dace da irin abin da maƙeri ke ƙagowa a rumfarsa.

Tarihin ya nuna cewa Selden da Lawson, waɗanda suka riƙe takarda don tare hanya, ba su cim ma burinsu na mallake kasuwa ba. Panhard, Ford da Toyoda, waɗanda suka koyi na wasu suka ƙara nasu a kai, su ne suka gina sana'ar. Takardun Otto, Benz, Daimler da Renault duk wa'adinsu ya cika tun fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma bayanansu da zane-zanensu suna nan a buɗe ga duk ɗalibi ko maƙerin da ke son karanta su.